Magariba Tana Matsowa

Lahadi, 2 ga Jumada Sani 1423, da hantsi

Biro ma da ƙyar nake riƙe shi. Tafukan hannuna duk sun saluɓe, na shafa man zaitun na naɗe da tsumma.

Mimi, ɗiyar ƙanwata, tana asibiti. Abin da zan rubuta a kanta yau ke nan.

Jiya kafin mu tashi Abla Khadijatu, mudirarmu, wato shugabar wurin aikinmu, ta tara mu ta ce yarinya ta suma ne saboda zafi, duk wadda aka tambaya haka za ta ce. Ba wadda ta ɗago kai. Ni ma na ce tayyib, to. Zafi kam akwai shi, wannan ba ƙarya ba ne.

Litinin, 3 ga wata, bayan Azahar

Bari in rubuta yadda wurin yake, ko kaina zai daina juya shi.

Malahinmu wurin wasa ne na mata da yara zalla, namiji ba ya shiga. A hutun makaranta kullum ƙarfe shida muna fareti. 'Yan mata masu mandiri a gaba, sai raƙumin soso wanda Sundus ɗiyata take cikin rabinsa na gaba, sai zomo, sai ƙaramin jirgin ƙasa mai fitilu da Safiyatu take tuƙawa, ana watso alewa daga cikinsa. Mu masu igiya muna tare mutane kada su faɗa hanya. Doka ɗaya aka koya mana tun ranar farko: in dai jirgi yana tafiya, ba a sakin igiya, ko me ya faru.

Wurina shi ne Maƙogwaro. Mu muka sa masa sunan. Nan ne wajen tsayuwar mutane ya matse tsakanin shagon askirim da katangar babban lilo. Ni aka bai wa saboda Allah ya yi ni da jiki da murya, in na ce "Wara!" har ta ƙarshen layi sai ta ja baya. Masallacin mata yana ƙetaren hanyar fareti, daidai bayana. Mai son zuwa can sai ta ratsa ta igiyata.

Wuta da lasifika suna hannun Baba Usmanu, a wani ɗan ɗaki wajen katanga. Ba ya ganin komai na ciki. Da ya ji kiran salla sai ya kashe kiɗa da lilo, kamar yadda ake yi ko'ina a garin nan.

Ranar Asabar batirin jirgi ya ƙi tashi, fareti ya makara. Sauran na san shi, ba sai na rubuta ba.

Talata, 4 ga wata, da safe

Na je asibiti. Khalida ƙanwata tana zaune a gefen gadon, ko mayafi ba ta canza ba tun Asabar. Ta ce, "Yaya, kin zo." Na ce na zo. Shi ke nan maganar da muka yi.

An sa wa Mimi roba a baki, inji ne yake yi mata numfashi. Lallen da na sa mata ranar Juma'a yana nan a yatsunta, ja wur.

Da Khalida ta fita salla sai likitan ya shigo, Dakta Sharfuddeen, mutumin Kano ne. Ya ji ina addu'a da Hausa, ya tsaya. Ya ce, "Hajiya, ke ce kike wurin?" Na ce ni ce. Ya ce, "Zafi ba ya barin shati a ƙirjin yaro. Me ya danne ta?" Na tsaya ina kallon takalminsa. Ya jira, ya jira, sannan ya ce Allah ya ba ta lafiya ya wuce. Wallahi da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 5 ga wata, bayan Isha'i

An ja igiya, an yi fareti, an tashi lafiya. Na yi amai a bayan shagon askirim.

Juma'a, 7 ga wata, bayan La'asar

Duk unguwarmu ta Harra ta Gabas an san ni da Ƙaltume mai igiya. Shekara da shekaru matan unguwa suna turo mini yaransu, ni kuma in jera su a gaba, cikinsu a jikin igiya, dab da gwiwata, inda za su taɓa raƙumi su ci alewa. Kowace mai igiya tana yi wa nata haka. Wurin 'yan gida muke ce masa. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. In na ratso lungu yara suna "Khala Ƙaltume! Khala Ƙaltume!" sai in ji kamar wani abu ce ni.

Ɗazu matar Bature, wata tsohuwa 'yar unguwarmu, ta shigo da jikokinta uku, ta ce gobe in sa mata su a gaba. Na ce babu wuri. Ta ce, "Babu wuri? A igiyarki?" Na ce mudira ta hana. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Allah ya ƙara girma. Mu da muka goya ki." Ta ja yaran, ƙaramar tana kuka.

Ta zage ni son ranta. Gara ta zage ni.

Lahadi, 9 ga wata, da hantsi

Sundus ba ta cin abinci. Na yi mata faten wake da take so, ta juya cokali ta bari. Na ce, "Ke, me ya same ki?" Ta ce, "Wala shai, Ummi." Ba komai. Haka take, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci, sai ka ce da bango nake magana.

A wuyan raƙumin akwai 'yar raga da take leƙen hanya ta ciki. Ban taɓa tunanin abin da ake iya gani ta ragar nan ba sai yau.

Mimi saboda Sundus ta zo. Khalida tana da baƙi a gida ranar, ta miƙo mini ita a ƙofa ta ce, "Yaya, ki sa ta gaba ta ga raƙumin Sundus."

Talata, 11 ga wata, bayan Isha'i

Yau na lura da wani abu.

Farkon hutu, sai mun gama fareti, mun naɗe igiya, har na sha ruwa, sannan a kira Magariba. Makon jiya ana kira jirgi yana shiga rumfarsa. Yau ana kira yana wajen famfon ruwa, bai ƙarasa ba. Mu kullum shida muke tashi. Ita kuwa rana ba ruwanta da agogonmu, kullum tana ɗan rage tsawo.

Ke nan ba sai batir ya lalace ba. Da ƙafarta Magariba za ta zo ta same mu a Maƙogwaro.

Laraba, 12 ga wata, kafin La'asar

Na shiga ofishin Abla na gaya mata. Na ɗauka za ta yi mini tsawa. Sai ta rufe ƙofa ta ce, "Kina ganin ban sani ba, ya Ƙaltume? Ni ma kunne gare ni."

Na ce a matso da fareti biyar da rabi. Ta ce an gwada bara, 'yan matan cikin soso biyu suka faɗi saboda zafi, ko na manta ɗaya ɗiyata ce? Ban manta ba. Na ce to a kai shi bayan Magariba. Ta ce an buga shida a takardun talla har unguwar Sultana, mai wurin kuma yana garin Yanbu, ta kira shi ya ce saura kwana nawa ne a rufe, a lallaɓa. Na ce to in kira ya same mu a hanya a bar ni in saki igiya mutane su ratsa.

Nan ta miƙe tsaye. Ta ce, "Ki saki? Yara su kwarara gaban jirgi? In ya taka ɗaya fa, wa zai je ya gaya wa uwarsa, ni ko ke?" Ta murza idanunta, sun yi ja. Ashe ita ma ba barci take yi ba.

Gaskiyarta ce, abin haushin ke nan.

Alhamis, 13 ga wata, da yamma

Yau ma ana kira jirgi yana famfon ruwa, amma ta wannan gefen.

Asabar, 15 ga wata, da safe

Hamid mijina ya bugo waya daga wurin aikinsa a Yanbu. Ya ce, "Ki ajiye aikin nan, ni ban gaza ba." Na ce to. Ya ce, "To ɗin nan naki na san shi."

In na ajiye wa za a sa a wurin? Wata yarinya sabuwa, a koya mata doka ɗaya, ta riƙe da gaskiya da ƙarfinta duka. Kamar yadda na riƙe.

Ya tambayi Mimi. Na ce da sauƙi. Kowa da sauƙi nake ce masa.

Litinin, 17 ga wata, bayan Azahar

Na zagaya bayan katanga wajen Baba Usmanu. Na tsaya daga taga na gaishe shi. Tsoho yana shan shayi, ya ce, "'Yata, lafiya? Ku da ba ku zuwa nan."

Na ce, "Baba, in ka kashe kiɗa kwatsam, na baya suna ɗauka an gama, sai su danno su ga raƙumi kafin ya wuce. Na tsakiya kuma su danno su riga kowa famfon alwala, ka san bakinsa huɗu ne kawai. Duka ta kaina suke bi."

Ya ajiye kofi. Ya ce, "So kike in bar kiɗa a kan kiran salla?" Na ce a'uzubillahi, ba haka nake nufi ba. Can ya ce, "Yarinyar da aka fitar rannan, da gaske zafi ne?" Na ce, "Baba, haka aka ce mu ce." Ya cire hularsa ya shafa kai, ya daɗe yana salati.

Sai ya ce ladanin masallacin da ke kusa da shi yana da wata ɗabi'a, sai ya hura makirfo ya gyara murya kafin ya fara. Shi yana ji daga ɗakinsa, mu a ciki kiɗa ba ya barinmu ji. Ya ce da ya ji hurin zai kira ni a lasilki, ɗan rediyon da ke ƙuguna. Ya ce, "Numfashi biyu ne ko uku, 'yata. Iyakar abin da nake da shi ke nan." Na ce na gode, Allah ya saka.

Me zan yi da numfashi uku?

Laraba, 19 ga wata, bayan Isha'i

An cire wa Mimi roba. Tana numfashi da kanta, alhamdulillah, alhamdulillah. Ta buɗe ido. Amma ba ta magana, ba ta bin kowa da kallo, ko uwarta. Dakta ya ce a yi haƙuri, ba a sani ba tukuna.

Khalida ce take yi mata wanka kullum. Kullum tana cire mata riga. Ba ta tambaye ni komai ba har yau, wannan ne yake kashe ni.

Juma'a, 21 ga wata, da hantsi

Na shanya wanki, igiyar shanya ta goge ni a tafi, sai ga ni zaune a ƙasa. Haba Ƙaltume, ƙatuwa da ke!

Lahadi, 23 ga wata, bayan Isha'i

Yau an kira jirgi yana bakin shagon masara, tsakaninsa da ni bai fi tsawon tsakar gidanmu ba. An ɗan yi turereniya. Wata mata ta rasa takalmi, ta zage ni tas, wai ba mu iya aiki ba.

Na kori yara daga gaba, na ce duk a ɗaga su a kafaɗa. Ana ɗagawa, ina juya baya ana sauke su. Iyayen ba su da laifi, gaba ai nan ne wurin yaro.

A mota muna dawowa Sundus ta jingina da ni. Rabon da ta yi haka tun tana firamare. Ta ce da Hausa, Hausarta mai karyewa, "Ummi, Mimi tana kira na. Tana cewa Sundus, Sundus. Ni ina ciki, hannu babu." Direba yana ji. Na dai riƙe kanta har gida.

Talata, 25 ga wata, kafin La'asar

Na tare Safiyatu a rumfar jirgi tana goge fitilu. Na ce ranar Alhamis faretin rufewa ne, za a ƙara 'yan mandiri, tafiya za ta yi nauyi, a kaina kira zai same mu. Ta ce ta sani.

Na ce, "In kin ji na busa usur dogo ba yankewa, ki taka birki ki zare makulli. Ko Abla ta yi ihu a lasilki kada ki motsa." Ta ce, "Sai kuma me?" Na ce sai in saki.

Ta zauna a kan matakalar jirgi. Ta ce, "Yaya Ƙaltume, marayu nake ci da su. In aka kore ni fa?" Na ce zan ce ni na tsorata ki. Ta ce, "In ban ji usur ba fa? Mandiri a kunnena yake." Na ce za ki ji. Ta ce, "In na ji na taka, birkin nan kin san shi, sai ya ɗan ja." Na ce na san shi.

Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Ta ci gaba da goge fitilar da ta riga ta goge.

Laraba, 26 ga wata, bayan Isha'i

Wutsiyar jirgi tana fita daga Maƙogwaro lasilki ya yi ƙara. Da ƙyar muka sha.

Matar Bature ta aiko wai gobe za su zo da kansu, ba sa bukatar alfarmar kowa.

Alhamis, 27 ga wata, bayan Asuba

Ya Rabbi, in na riƙe na san abin da zai faru. In na saki ban sani ba. Ka zaɓa mini, ni na kasa.

Juma'a, 28 ga wata, da hantsi

Zan rubuta shi yadda ya zo.

Ban taɓa ganin mutane kamar jiya ba. Baƙaƙen abaya har bakin ƙofa, ba ka ganin ƙasa. Tun kafin a fara igiya ta yi tauri a hannuna kamar ƙarfe. Ina "Wara! Wara, ya jama'a!" muryata tana komawa cikina. Na duba ƙasa, sai ga ƙaramar jikar Bature, ta kutso ta tsakanin ƙafafu ta kama igiya da hannu biyu, cikinta a jiki, tana yi mini murmushi. Daidai wurin. Daidai tsawon.

'Yan mandiri suka wuce. Raƙumi ya iso gabana. Jirgi yana biye, ina ganin fuskar Safiyatu. Sai lasilki: "'Yata, ya hura."

Na busa. Na busa har kunnena ya toshe. Jirgi bai tsaya ba. Kiɗa ya mutu, Allahu Akbar ta tashi, na ji nauyin nan ya taho daga baya, nauyin da na sani. Yarinyar ta buɗe baki, ba sauti. Jirgi yana ja, yana ja, sai na ga Safiyatu ta ɗaga hannu sama da makulli a ciki.

Yatsuna suka ƙi buɗewa. Wallahi suka ƙi. Sai da na sa haƙori na ciji bayan hannuna.

Igiya ta faɗi. Na fizgo yarinyar na ɗora a wuya. Mutane suka kwararo hanya ta ko'ina, suka ture ni na bugu da jirgi, suka bi ta kan raƙumi ya kife, ƙafafu huɗu a sama. Ina ihu Sundus, Sundus, sai ga kanta ya fito ta wuyan soso, gashi a tsaye, tana zagin wata mata da Larabci. Zagin da ban san ta iya ba. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na jiya ba.

Aka wawushe alewar jirgi. Aka fasa fitilu. Wata tsohuwa ta gurɗe ƙafa. Takalma kam an tara buhu. Kafin a tayar da salla Maƙogwaro ya zama fili, sai igiya a ƙasa duk an tattake ta.

Na zaga ina ɗaga kwali, ina leƙa ƙarƙashin jirgi, ina leƙa bayan shago. Ba kowa. Na sake zagawa. Ba kowa a ƙasa.

Matar Bature ta karɓi jikarta ta ce, "Wannan wane irin sakaci ne, a saki igiya a kan mutane?" Na ce ki yi haƙuri, Inna.

Abla ta karɓi usur da lasilki. Ta ce mai wurin zai ji, kuma ba ta jin zan dawo baɗi. Na ce Safiyatu ba ruwanta, ni na tsorata ta. Ta ce ta ji. Har na kai ƙofa ta ce, "Ƙaltume." Na juyo. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in gaida mai jiki.

Juma'a, bayan La'asar

Daga asibiti nake.

Khalida ta ga hannuna da sabon tsumma. Ta ce in zauna. Ta kwance shi a hankali, ta buɗe tafina, ta duba tsohon shatin da sabon. Sai ta ɗaga rigar Mimi. Nata ya fara dushewa, ya koma ruwan ɗorawa, amma murɗin igiyar yana nan, layi-layi, irin nawa sak.

Ta ce, "Tun wankan farko na gani, Yaya."

Na buɗe baki, ta ce, "Ni na ce ki sa ta gaba. Kullum sai na ji kaina ina faɗa." Muka zauna, hannuna a cinyarta. Ban san wadda ta fara kuka ba.

Da muka lafa ta ce, "Jiya fa?" Na ce jiya na saki. Ta ce, "Wa ya faɗi?" Na ce, "Ba kowa. Raƙumi kawai."

Mimi ta juyo da kanta a kan matashi. A hankali, kamar kan ya yi mata nauyi. Ta dube ni, ni ɗin, cikin ido. Khalida ta matse hannuna daidai kan ciwon, ban ce mata ta saki ba.

Ta ce, "Sake faɗa, Yaya. Sake faɗa mata."

Na ce, "Raƙumi, Mimi. Raƙumin Sundus ya faɗi, ƙafa a sama."

Ba ta yi magana ba. Amma ba ta ɗauke ido ba har aka zo aka ce lokacin ziyara ya ƙare. Gobe zan kai Sundus.